Sista Baiwa da Ɗigon Jinin Diddige

Kafin a buɗe rumfuna a Kasuwar Relief, Sista Baiwa Gimba ta riga ta wanke hannu ta shiga ɗakin bakwaini na asibitinsu a nan Anacha. Jarirai take fara dubawa, kwalbar reno bayan kwalbar reno, ta taɓa ƙafar wannan, ta dubi leɓen wancan, sannan ta juyo ta gaida iyaye. Shekara talatin da uku tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma hankalin mutanen unguwarmu bai kwanta ba.

Tana budurwa iyayenta suka dawo garin nan bayan yaƙin basasa, ta tafi Inugu ta koyi jinya. Ta kama aiki lokacin da arzikin mai ya cika gari da motoci. A wancan zamani in an ɗebi jinin jariri sai an kai shi wani ɗakin gwaji can ƙetaren gari. Mota ta maƙale a cunkoson mahaɗar Upper Iweka, wani lokaci sakamako ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. Baiwa ce ta nace har aka kawo tsinken takardar da ke auna sukarin jini a gefen gado, ta kuma ƙware a kansa.

Ni ganau ne. A 1978 Ramlatu, matar yayana Kallamu, ta haihu a wata bakwai. Bayan kwana biyu, da hantsi, jaririyar ta saki nono, hannuwanta suka kama karkarwa. Da Baiwa ta ɗauko allura, Yaya ya tare ta.

"Sista, wannan 'yar da ba ta cika tafin hannuna ba, wane jini gare ta da za ki ɗiba?"

"Ɗigo ɗaya ne, Malam Kallamu. In na aika gari, sai la'asar. Ita ba za ta kai la'asar ba. Ciro agogonka, ka ƙirga mini minti guda."

Ta soki diddigen, ta ɗiga jinin a tsinken. Yaya ya kafa wa agogo ido. Ramlatu ta dafa bango tana salati. Ban taɓa ganin minti mai tsawon wannan ba. Da ya cika, Baiwa ta ɗauraye tsinken, ta kara shi da launukan jikin gwangwaninsa. Ko motsi launin bai yi ba: sukarin yarinyar ya faɗi ƙasa warwas.

"Dokta, abeg, kwik-kwik!" ta ƙwala wa likita kira da Turancin Buroka, ruwan sukari na hannunta tun kafin ya ƙaraso. Sai da suka sha wuya kafin a samu jijiya. Can muka ji wani ɗan siririn kuka. Yarinyar nan ita ce Safiyatu, yau tana Fatakwal da 'ya'ya huɗu.

Ba duka suke rayuwa ba, Baiwa kuma ba ta taɓa ɓoye wa uwa gaskiya ba. Wata Inyamura mai kifi ta gaya mini ranar da ɗanta ya rasu, Baiwa ce ta riƙe ta tana lallashinta da yarensu har mijinta ya zo.

Ke ce, Baiwa, mai idon da ba ya raina ƙaramin abu. Ke ce kika koya wa mazan kasuwa cewa allura ba gaba ba ce. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sa ki gama lafiya.

Jama'a, ga abin da ke damuna: yau babu 'yar unguwarmu ko ɗaya a makarantar jinya. Da na ce wa Baiwa zan yi wannan rubutu, sai ta girgiza kai.

"Bar yabon," ta ce. "Ka rubuta cewa ina neman yarinya mai haƙuri in koya mata, tun idona yana gani."

To, na rubuta. Wa zai kawo tasa 'yar?