Bayas da Kokon Gero

Shekarar da Inna ta rasu, da aka zo rabon tufafinta, zane biyu suka faɗo mini, Yayata da ke aure a Gummi ta samu ɗaya da mayafi. Nawa tun a makon na wanke su. Nata kuwa wata shuɗiyar atamfa ce mai ganye-ganye, wadda Inna ta fi ɗaurawa a ciwonta na ƙarshe, kuma Yaya ba ta yarda ruwa ya taɓa ta ba. Ta ninke ta, ta sa a leda, ta sa ledar a akwati. In kewa ta taso mata sai ta buɗe ta sa hanci. Ni ma ta ba ni na shinshina sau ɗaya: hayaƙin murhu, man shanu, da turaren wutan da Inna ke haɗawa da hannunta. Inna ce sak.

Ni tela ce, a ɗakina nake taka keke a nan Bukkuyum. Wata rana na ga wani aiki a waya da ya hana ni sakat. Murfin gado ne da ake yi da gutsattsarin yadi kala-kala, a jera su a kan farin yadi, sannan a bi duk inda guntu ya haɗu da guntu a rufe da siririn baƙin bayas, sai abin ya fito kamar tagar gilashi mai launuka. Bayas ɗin ƙyalle ne da ake yankawa a karkace don ya yarda ya lanƙwasa, faɗinsa bai kai farcen ɗan yatsa ba. Ina gani na ce zannuwan Inna za su yi wannan.

Sai da na yi sawu biyu Gummi kafin Yaya ta saurare ni. Na ce mata zanen ya fara cinyewa a wurin ninki, in ya shekara biyu a akwati ba abin da za ta tarar. Na ce murfin nata ne, a gadonta zai zauna, ta kwana da shi ta tashi da shi. Har na fitar da rai, sai ta buɗe akwatin.

"Ki yanka yadda kika ga dama," in ji ta. "Amma kar ki wanke shi. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Har haushi na ji, wai ni za a maimaita wa magana.

Yankan bai ba ni wuya ba. Shuɗin Yaya na yi furanni da shi a tsakiya, nawa biyun suka zama ganye da gefe. Bayas ɗin ne ya nuna mini iyakata. Abu siriri kamar igiyar takalmi, ka kwantar da shi a kwana, kafin ƙafar keke ta iso ya zame ya bar bakin yadi a waje. Na kafe shi da fil, ya yi tudu-tudu, ga fil ɗin na sokar yatsuna har sai da na ɗiga jini a farin yadin. Na danne shi da dutsen guga, ya kwanta, ina ɗagawa ya miƙe abinsa. Hanyar da ta dace na san ta sarai: a zauna da allura a kama shi da manyan ɗinkin hannu, a bi da keke, sannan a zare na hannun. Aikin mako biyu ke nan, ni kuwa da haƙuri ba ma shan inuwa ɗaya.

Matar da na gani tana aikin a wayar wani gam take matsawa daga 'yar kwalba mai tsinin baki. Na nema a kasuwarmu, na sa an duba mini a Gummi, babu wanda ya san shi. Sai wata safiya ina dama koko na tuna tun muna firamare da tuwo muke liƙe littafin da ya yage. Na ɗebi ƙullun gero na dama shi da ɗan kauri, na karyo tsinken tsintsiya, ina dangwalawa ina ja a bayan bayas ɗin, in kwantar, in bi da guga. Wallahi ya kama kamar da shi aka saƙa yadin. Kwana ta zo ya bi, tsini ya zo ya ninku, ba tudu ba zamewa. Ranar har waƙa na yi a kan keke, ina cewa ina ma matar nan ta zo ta ga gam na gaske. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ta ina kokon zai fita ba.

Kwana huɗu na gama. Ana nan ƙanwarmu ta haihu a Anka, na ninke murfin na sa a leda na aza a kan keke, na ce in na dawo suna sai in kai. Tsakiyar damina ce, ruwa ya ɓata hanya, kwana ukun da na yi niyya suka zama takwas.

Tun daga bakin ƙofa na ji tsami. Da na warware shi, funfuna ta bi kowane baƙin layi, kiyashi sun yi jere a kai ba iyaka, kyankyasai har sun fara ci a wuri biyu. Na zauna a ƙasa. Daga nan na shiga dabara: na shanya a rana, na karkaɗe, na goge da buroshi, na kankare da bayan almakashi. Kokon yana ƙarƙashin ɗinki, inda hannu ba ya kaiwa. Duk inda na ajiye, kafin la'asar kiyashi sun gano shi. Na sa hanci a kan shuɗin furen. Ƙamshin Inna yana nan, can ƙasa, tsamin ya danne shi amma yana nan.

Kwana biyu ina juya abin a raina. In na bari, ƙwari su cinye zanen. In na kira Yaya, ban san da wane baki zan fara ba. Tsoronta na ji, gaskiyar ke nan, shi ya sa ban kira ba. Rana ta uku da hantsi na jiƙa shi a baho da ruwa zalla. Funfunar ta ƙi fita, na sa sabulu. Ruwan ya yi duhu, na ɗauka na zubar a rariya, ina kuka ina ɗauraya.

Ya bushe ya yi kyau, ban taɓa ɗinka abin da ya kai shi ba.

A Gummi na tarar da Yaya tana tsince wake a tsakar gida. Ta wanke hannu, ta goge, ta shigar da ni ɗaki, muka shimfiɗa shi a gado. Ta bi baƙin layin da yatsa, ta ce ko ɗaya bai karkace ba, ta sa mini albarka. Sannan ta durƙusa ta kai fuskarta kan furen tsakiya. Ta daɗe a haka. Ta matsa zuwa na gefensa, da na gaba, ta bi shuɗin guntu-guntu ba ta tsallake ko ɗaya ba, ni ina tsaye riƙe da ledar.

"Kin wanke shi."

Na fara bayanin koko da kiyashi da hanyar Anka. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma yi faɗa ba, da ma ta yi. Ina magana tana ninke shi, gefe da gefe, a hankali. Ta karɓi ledar daga hannuna ta sa shi ciki ta miƙo mini.

"Tahi da shi, ki shimfiɗa a gadonki," ta ce. "Ni ina da murfin gado."

Ta koma kan wakenta. Na zauna kusa da ita na taya ta tsinta har aka kira azahar, ledar tana kan cinyata.