Hannun Da Ka Ɗaga

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina cikin shanya a bayan gida, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce rediyo ya sanar da rasuwarka, kai tsohon ministan noma. Na ce mata na ji, na ci gaba da shanyar, sai da na kai kan zanen ƙarshe na nemi wuri na zauna. Rediyo ya jero muƙamanka da madatsun ruwan da ka gina. Bai faɗi abin da ni na san ka da shi ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san ka ne ta dalilin Autana, makanikin soja, wanda aka tura yaƙin kan iyaka bai dawo ba. Gwamnati ta aiko mini da tuta a naɗe, da wani hafsa da ya karanta jawabi yana satar kallon agogo. Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, wata safiya aka yi sallama. Na tarar da dattijo a bakin ƙofa, ba direba, ba ɗan sanda, takalmansa a hannu. Ka ce, "Malama, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu a majalisar ministoci ranar da aka yanke shawarar yaƙin nan. Na ajiye aiki. Na zo roƙon ki yafe mini." Na rufe ƙofa a fuskarka, kuma har yau ban yi nadama ba.

Ka dawo, ka sake dawowa. Ranar da na gaji na bar ka ka shigo falo, ka ƙi zama sai da na nuna maka kujera. Na tambaye ka a kan me ɗana ya mutu. Na shirya jin zancen kishin ƙasa, na tanadi abin da zan mayar maka. Sai ka ce ba ka sani ba. Ka ce taron bai kai tsawon wanda kuka yi kan farashin taki ba. An nuna taswira, an ce makonni kaɗan ne a gama, shugaba ya dubi fuskoki. Akwai tambaya a bakinka, wato idan an shiga ta ina za a fita, amma ka ga kowa ya ɗaga hannu, ka haɗiye ta ka ɗaga naka. Kana maganar kana kallon hannun nan na dama kamar na aro ne.

Daga baya na ji haka kake bin gidajen sojojin da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun zage ka, wata ta watsa maka ruwan wanke-wanke, ka tsaya har ta gama. Abokan aikinka kuwa, masu hannuwa irin naka, suna nan suna yanka zare a bukin buɗe gine-gine, ko ɗaya bai san hanyar gidana ba.

A gidana ba ka taɓa yi mini wa'azin haƙuri ba. Cewa kake, "Ba ni labarinsa." Kai kaɗai ba ka gaji da jin yadda Auta ya kwance rediyon babansa yana ɗan firamare ya kasa mayarwa ba. Yayyensa suna sauya zance don kada in yi kuka, kai kuwa sai ka bar ni in yi. Babur ɗinsa da ke jingine a baranda, kai ka ce inji yana lalacewa idan ba a tayar da shi. Ka naɗe hannun riga ka yi ta buga kik kana haki, ina ce maka, "Ranka ya daɗe, minista guda ya kasa tayar da babur?" Da ya tashi, sai na koma kicin na tsaya, domin da wannan ƙarar nake sanin Auta ya dawo daga gareji. Ka gane, kuma tun daga ranar kowane zuwa sai ka tayar da shi.

Duk sanda za ka tafi, sai ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Malama, maganar nan fa?" Ni kuma in ce da saura. Ka ce kana jira. A zuwanka na ƙarshe ka rame, ɗiyarka ce ta riƙo ka, ƙafarka ta kasa buga kik ɗin. Ka tambaya, na ba ka amsar da na saba.

Ga abin da ban gaya maka ba. Zuciyata ta daɗe da saukowa. Tsoro nake ji in na ce na yafe, aikinka ya ƙare a gidana, ka daina zuwa, in rasa mai tambayata labarin Auta. Ina kewarsa, yanzu ga kewarka ta ƙaru a kai. Jiya na yaye ledar babur ɗin na goge ƙura, na tsaya ban san yadda ake tayar da shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da ɗiyarka mai haƙuri, da sauran 'ya'ya da jikoki, da gidajen da za su ji shiru a bakin ƙofa kamar yadda zan ji. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka haɗu da yaran nan suna masu sassauci gare ka. Sauran da suka ɗaga hannu, tsakanina da su sai gaban Allah. Kai kuwa, ga amsarka, ko da ta makara: na yafe maka, duniya da lahira. Idan ka ga Auta, ka ba shi labarina.