Bafaranshen da Kawu Yake Yabo

Ban daɗe da zama a Madina ba lokacin da abin ya faru. Ina aiki a wani ƙaramin masaukin baƙi a unguwar Anbariyya, na wani ɗan'uwan mahaifiyata da nake kira Kawu. Shi a nan aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Kano a ƙafa, ya yi hajji ya zauna, ƙanen kakan kuma ya tsaya a Cadi, mu ne zuriyarsa. Kawu ya ɗauko ni daga Injamena saboda ina jin Faransanci, don yawancin baƙinmu 'yan umara ne daga Aljeriya da Faransa, kuma idan suka saki Larabcinsu da gudu ko rabi ba ya kamawa. Shi ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyina a wurin hukuma, iƙamata, takardar zamana, a hannunsa take. Tsakaninmu Hausa muke yi, musamman idan ba ma son baƙo ya ji.

A ɗakin cin abinci akwai wani zane a bango, kwafi ne ba na ainihi ba. Maza ne suna salla a kan rairayi, rana tana faɗuwa a bayansu, wani dattijo a cikinsu ya ɗaga hannuwa. Shekaru da yawa yana gidan Kawu a unguwar Ranuna, don a da rataye hoton mutum a wurin sana'a yana jawo magana. Da abubuwa suka sassauta sai ya kawo shi masauki.

Duk baƙon da ya tsaya yana kallo, sai Kawu ya matso ya ba shi labarin mai zanen. Bafaranshe ne, ɗan manyan mutane. Ya je saharar Aljeriya ya ga zaman Musulmi, zuciyarsa ta kamu, ya bar ƙasarsa ya koma cikinsu. Ya musulunta, ya yi hajji, ya zo nan Madina ya yi ziyara, ya bar wasiyya a binne shi a garin da ya zauna. Na fassara labarin nan har na haddace shi, kuma ni ma yana yi mini daɗi. Faransawan da na sani a littattafan makaranta duk koya mana suka zo yi. Wannan shi ya zo ya koya.

Wata safiya muna ba da karin kumallo ga wani ayari da ya sauka daga Faransa, akwai dafaffen waken ful da burodin tamis da shayi da na'ana. Wata tsohuwa 'yar Aljeriya ta shigo tana dogara sanda, da shuɗin tsage a haɓarta. Ɗanta yana riƙe da ita, magidanci ne mai furfura, daga baya na ji direban bas ne a can. Ya zaunar da ita daidai gaban zanen. Ta ɗaga kai ta tsura masa ido, ba ta taɓa abincin ba.

Kawu ya gani, ya yafito ni. Ya fara labarin, ina juyawa zuwa Faransanci. Tana saurare har muka kai inda yake cewa mutumin ya so mutanen sahara kamar 'yan'uwansa na jini. Sai ta ajiye kofin shayin ta ce wa ɗanta wani abu da Larabcinsu. Ya sunkuya ya ce mata a hankali, "Yamma," wato Inna, "ba a nan ba."

Ba ta kula shi ba. Ta juyo gare ni.

"Ka gaya masa ni 'yar garin da aka binne shi ce."

Na gaya wa Kawu. Fuskarsa ta washe, ya dafe ƙirji yana masha Allah. Ya ce in tambaye ta ko ta taɓa ganin kabarin.

"Na sha wucewa ta wurin," in ji ta. "Ka tambaye shi ko ya taɓa ganin sauran zanen mutumin."

Kawu ya ce ya ga na masu duban wata, ya ga na ayarin alhazai.

"Ba su nake nufi ba. Kakata tana cikin waɗanda ya zana. Tana yarinya, ko azumi ba ta fara ba. Akan kai su bakin rafi ita da wasu yara, a ce su cire tufafinsu, shi kuma ya zauna yana zane."

Ba ta ɗaga murya ba, amma teburin da ke kusa ya yi tsit. Na tsaya riƙe da butar shayi, ina jin zafinta a yatsuna.

"Me ta ce?" in ji Kawu da Hausa.

"Kawu, mu ɗan shiga ofis."

"A nan ta faɗa. A nan za ka faɗa mini."

Na faɗa masa, ban rage komai ba. Murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba, sai da ya ɗan jima.

"Ka tabbata ka ji daidai?"

"Na ji daidai, Kawu."

"To ka ce mata mutumin nan Musulmi ya mutu. Ka ce mata ta tuna a Madina take."

Na san yadda maganar za ta sauka a kunnenta, amma yana tsaye yana kallon bakina. Na fassara. Ɗan ya ɗago ya kalle ni, ya kalli Kawu, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Na san inda nake," in ji tsohuwar. "Ban ce ba Musulmi ba ne. Mahaifina yana cikin waɗanda suka raka gawarsa. Tsakaninsa da Allah ba ruwana."

Kawu ya ce wataƙila kafin ya musulunta ne, kuma Musulunci yana shafe abin da ya gabata.

"Wataƙila," ta ce. "Amma zanen ba su dawo gida ba. Suna can a bangon mutane, ana saye ana sayarwa."

Daga nan ta ci gaba, ina bin ta jimla bayan jimla. Ta ce a lokacin sojan Faransa ne ke riƙe da garin, talaka ba ya ce wa Bature a'a, ko da Baturen mai fara'a ne yana jin Larabci. Ta ce ba shi yake zuwa gidajen da kansa ba, mutumin gari ne yake nemo masa yaran. Kakar tata da ta girma an rasa mai aurenta a unguwarsu, sai wani ƙauye mai nisa aka kai ta. Har ta mutu ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba, kuma in sun zo garin ziyara ba ta bin hanyar rafin.

"Wannan ai labari ne," in ji Kawu. "Kowa yana iya ba da labari a kan mamaci. Ina shaida?"

Wannan karon da Larabci ya faɗa, don haka ba su jira ni ba. Ɗan ya zaro wayarsa daga aljihu, ya ce komai yana nan, yanzu zai nuna masa. Tsohuwar ta ɗora tafinta a kan wayar.

"Mayar da ita. An kalle ta ya isa."

A nan ne wani mutum daga teburin bakin taga ya miƙe. Shi ma ɗan Aljeriya ne, cikin ayarin yake, mai gilashi da farar jallabiya a goge. Ya ce da Faransanci wannan mai zanen abin alfaharin ƙasarsu ne, ya kare Musulunci da alƙalaminsa a lokacin da 'yan'uwansa Faransawa suke zagi, kuma bai dace tsohuwa ta zo ƙasar mutane tana tona abin da aka binne ba. Ya ce wa ya san irin gidan da kakar ta fito.

Kujerar ɗan ta faɗi baya. Ban san lokacin da na ajiye butar na shiga tsakaninsu ba. Ina jin numfashinsa a ƙeyata, mai gilashin kuma yana ci gaba da magana ta saman kafaɗata. Mata suka fara janye yaransu zuwa ƙofa. Abin da ke raina shi ne in hannu ya taɓa jiki za a kira 'yan sanda, kuma ni ne baƙon da ke tsakiya.

"Sallu alan Nabi," in ji Kawu da ƙarfi.

Ɗakin ya amsa da salati, har su biyun, ko da yake ba su daina kallon juna ba. Ya sake faɗa, aka sake amsawa. Tsohuwar ta lalubi sandarta ta miƙe.

"Ka gaya wa mai gidan ban yi fushi da shi ba," ta ce mini. "Amma ba zan ci abinci a ƙarƙashin wannan ba."

Ɗanta ya tayar da kujerar, ya kama hannunta suka fita.

A ofis Kawu ya rufe ƙofa. Bai ce in zauna ba.

"Ka san da wannan maganar tun da?"

"Wallahi ban sani ba, Kawu."

"Da ka sassauta. Tafinta yana sanin abin da zai bari a bakinsa."

"Kai ka ce in faɗa."

"Na kawo ka ƙasar nan ka gyara mini magana da baƙi, ba ka tara mini jama'a ba."

Na san ba ni na tara jama'ar ba, shi ma ya sani, amma ba a mayar wa kafili irin wannan amsa. Ya ce in fita.

Kwanakin da suka biyo baya sallama kawai ke haɗa mu. In yana son wani abu sai ya gaya wa mai kicin ya gaya mini. Ni nake kai wa tsohuwar abinci ɗakinta, ɗan ya karɓa a bakin ƙofa ya yi godiya. Mai gilashin kuwa kullum a gaban zanen yake zama, yana ɗaga murya yana yi wa abokan tafiyarsa bayani. Duk sanda ya haɗu da ɗan a bakin lif sai in matso kusa da su.

Wata azahar da aiki ya lafa na rubuta sunan mai zanen a wayata. Kafin in karanta komai hotunan suka fito a jere. Ga masu salla, ga masu duban wata, ga yaran a bakin ruwa, duk hannu ɗaya, hasken rana iri ɗaya. Na kife wayar a kan kanta. Daga baya na buɗe inda rubutu ne kawai na karanta abin da zan iya.

Washegari bayan la'asar Kawu ya kira ni. Ya dawo daga Harami, yana zaune bai cire takalmi ba.

"Ka duba?"

"Na duba."

"Haka ne?"

"Akwai su, Kawu, kuma suna da yawa. Ko kakarta na ciki ban sani ba. Ban ga an rubuta sunan ko ɗaya daga cikin yaran ba."

"Hajjin fa? Da musuluntar?"

"Su ma gaskiya ne."

Ya daɗe yana murza casbi ba ya ja. Na ɗauka zai ce in nuna masa, amma bai ce ba.

"Shekara da shekaru ina ba mutane labarin nan," ya ce. "Har jikokina na zaunar na ba su." Sannan ya miƙe. "Zo ka raka ni sama."

Ɗan ne ya buɗe. Da ya ga Kawu sai ya tsaya ya cike ƙofar. Muryar uwar ta fito daga ciki, ya ɗan kauce. Tana zaune a bakin gado da casbi. Kawu bai shiga ba, daga nan ya yi sallama ya ce in tambaye ta me take so a yi da zanen.

"Bangonsa ne," ta ce.

Ya ce in roƙa masa gafara a kan abin da ya ce mata a gaban mutane.

"Bai yi mini komai ba. Abin da aka gaya masa ya faɗa." Ta ja casbinta. "In yana son yin wani abu, shi kullum yana kusa da Annabi. Ya riƙa sa kakata a addu'a."

Kawu ya tambayi sunanta. Ta faɗa, ya maimaita, ta gyara masa, ya sake maimaitawa har ya faɗa daidai. Ba zan rubuta sunan a nan ba.

Da safe kafin a fara karin kumallo ya hau kujera ya sauke zanen da kansa, ya kai mota. Mai gilashin ya shigo ya ga bango, ya zo wurina yana tambaya. Na nuna masa Kawu. Kawu ya ce masa an sauke, bai ƙara komai ba. Mutumin ya ce zai rubuta wa masu shirya tafiyar cewa an ci mutuncin ƙasarsu a wannan masaukin. Kawu ya ce ya rubuta. Na hau na gaya wa ɗan an cire, amma tsohuwar ba ta sauko ba, a ɗaki ta ci gaba da cin abincinta har suka gama kwanakinsu.

Ranar da za su wuce Makka bas ta tsaya a bakin titi, mazan duk sun ɗaura harami. Kawu ya kawo kwalin dabino da daurin na'ana ya miƙa wa ɗan, ya karɓa da hannu biyu. Tsohuwar ta hau da ƙyar, ta zauna a gefen taga, ba ta waiwayo ba. Na miƙa wa mai gilashin hannu, ya yi kamar yana gyara jakarsa ya shige.

Da bas ta tashi Kawu ya dubi agogo, ya ce da ni akwai wani ayari bayan azahar, in je in ga ko an canza zannuwan gado a hawa na biyu.