Zomayen ɗalibin gidanmu

A gidan hayar da muka zauna a unguwar Kpakungu akwai wani ɗalibin jami'a a ɗakin ƙarshe. Ba ya da hayaniya, sai dai ya kafa keji a bayan banɗaki ya zuba zomaye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, zomayen nan ba ya ci, ba ya sayarwa. Sai ya ɗauki biyu a kwali ya fita, ba kuma sa dawowa.

Ana cikin haka 'yata ta kamu da tari mai kaurin sauti, ƙirjinta na kuka. Na je na sami ɗalibin yana ba zomayen ganyen dankali.

"Malam, tsakaninka da Allah, me kake yi da dabbobin nan?"

"Bincike ne, Anti," in ji shi. Ya ce a makaranta suna ɗiga musu ƙwayar cuta a hanci, in sun kamu sai a yanka a duba maƙogwaro. Wai cikin hanyar numfashi akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, su ke share majina da datti zuwa sama. Ƙwayar cutar sai ta manne musu ta karkaɗe su, wurin ya kumbura ya saɓule. Ya nuno mini hoto a wayarsa, wani jan abu kamar tsumman da ya sha wanki.

"To tarin 'yata fa?"

"Wallahi waɗannan lafiyarsu ƙalau. Wanda aka sa wa cuta ba ya barin makaranta."

Ban yarda ba. Wa ya ga abin da yake kwasowa a hannun rigarsa? Na kai ƙara wurin mai gidan, wani dattijo Banufe. Ya zo ya leƙa kejin daga nesa, ya ce, "Yaro, ka kwashe kayanka ka kai makaranta, mu zauna lafiya."

Da na kai 'yata asibiti likita ya ce nimoniya ce, wato ciwon huhu, yara da yawa na kamuwa ko babu dabba a gida. Aka yi mata allurai ta warke. Na ji maganar likitan, amma raina bai kwanta ba.

Ranar da ɗalibin ya kwashe kejin a Keke Napep, ya miƙo wa 'yata zomo guda fari. Kunya ta hana ni mayarwa. Na kife shi da kwando can gefen rijiya, na hana a yanka, kullum ina kasa kunne ko zai yi atishawa. Sai da ya cika wata uku kafin na bar yarinyar ta taɓa shi.