Kukar da Ta Hana Su Tafiya Yanbu

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga kai, har sunan wasu mutane sai na yi ta lalube kafin in kamo shi, amma hutun sanyin shekarar da mijina, Malam, ya rasu ba zai fita daga raina ba har in koma ga Allah. Ni ban iya rubutu ba. 'Yar wata maƙwabciyata ce, wadda ta yi boko a Damagaram kafin su zo nan, take zaune a gabana tana rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

A unguwar Harra ta Gabas nake a Madina, cikin wani tsohon gida mai ɗaki uku da muka shiga tun ɗana yana rarrafe. Malam tela ne, ɗakin bakin ƙofa kuma shi ne shagonsa. A ƙarshen zafi ya rasu, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a, abin da ya yi ta roƙon Allah tun muna matasa. Na yi takabata wata huɗu da kwana goma, na fita daidai lokacin da sanyin Madina ya kankama, irin wanda iska ke bi ta kan baƙaƙen duwatsu ta shigo maka ta ƙarƙashin ƙofa.

Ɗana shi kaɗai Allah ya bar mini. Direba ne, yana jan babbar motar da ke kai baƙi ziyara, yana zaune a unguwar Jurf da matarsa da 'ya'yansa mata uku, a hawa na huɗu na wani bene. Yaron kirki ne, sai dai kullum a guje yake. Idan ya zo gaishe ni a tsaye yake yi, ya ajiye leda ya tambayi lafiyata, kafin in amsa ya duba agogo. Tun ina cikin takaba ya fara zancen zai ɗauke ni in koma wurinsu, domin bai kamata tsohuwa ta zauna ita kaɗai ba. Ni kuwa ba na so. Na faɗa masa sau ɗaya, na faɗa sau biyu, a na uku ya ce ya gama shawara, da zarar an koma makaranta bayan hutu zai zo da mota a kwashe kaya. A hutun kuma za su tafi Yanbu su yi mako a bakin teku, ya ce in bi su in sha iska. Na ce su je lafiya, ni gwiwata ba ta son doguwar mota. Gaskiyar maganar ita ce ina ƙirga kwanakin da suka rage mini a gidan, ba na son in zubar da bakwai a hanya.

Ana jibi za su tafi na tashi da wata irin sha'awar tuwo da miyar kuka. Shi ne abincin Malam na sanyi, musamman ɗumamensa da safe. Na duba gwangwanina babu ko cokali ɗaya. Sai na tuna surukata ta ce wata 'yar'uwarta da ta zo Umra ta kawo mata mai yawa daga gida, kore shar. Na danna waya, jikata babba ta ɗauka. Budurwa ce lokacin, tana ajin ƙarshe na sakandare. Tana jin Hausa, amma da Larabci take amsawa, kamar yawancin yaran da aka haifa a nan. Na ce mata, "Ki gaya wa uwarki kuka nake so. Tun da sanyin nan ya shigo ba abin da ke raina sai kuka, ina ta tuna kakanki."

Yarinya ta ce, "Tayyib, Sitti," wato "To, Kaka," da wata ƙaramar murya. Ban kawo komai a raina ba, na ajiye waya na je na jiƙa daddawa.

Bayan la'asar na ji mota ta tsaya a lungu. Kafin in kai ƙofa sun shigo gaba ɗayansu, da barguna da jakunkuna da abin ɗumama ɗaki, har da kular da suka shirya ta tafiya. Surukata ta kama hannuna biyu tana ce mini in yi haƙuri, kowa zai tafi, Malam ya riga mu ne kawai. Jikata ta rungume ni idonta jawur. Ɗana yana tsaye a bakin ƙofa fuska a murtuke, ya ce sun fasa Yanbu, a nan za su yi hutun. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin ko wani ne ya sake rasuwa a gida ake ɓoye mini. Da na ga ba haka ba ne, sai na dubi hannun surukata na ce, "To ina kukar?"

Ta ce, "Wace kuka, Inna?"

Na ce ta miya mana, wadda 'yar'uwarta ta kawo.

Surukata ta saki hannuna, ta dubi 'yarta, ta tambaye ta me aka ce mata a waya. Yarinya ta maimaita da Larabci cewa Sitti ta ce tana son ta yi kuka, ba abin da ke ranta sai kuka. Ai kuwa surukata ta zame ta zauna a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. Mu da muka sha Hausa a nono ba ma ko lura cewa kalmar ɗaya ce a baki, sai dai ta ganye muryar tana sauka a ƙarshe, ta hawaye kuma tana tsayawa a sama. Yarinyar ba ta taɓa ganin itacen kuka ba, miyar ma a gidansu da wani suna na Larabci suke kiranta. Ni ma na yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Na ce mata, "Ƙawata, kin hana mutane teku saboda miya." Ta rufe fuska da mayafi ta gudu ɗaki.

Ɗana ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce ko ta miya ce ko ta ido, tsoron da ya ji a hanya ya ishe shi, ba zai sake yarda in kwana ni kaɗai ba. Tun da tafiya ta riga ta lalace, sai a yi amfani da makon a ɗaure kaya. Washegari ya tafi Jurf ya dawo da kukar a leda, da kwalaye a bayan mota.

Ban yi masa gardama ba, na gaji da ita. Abu ɗaya na roƙa: kada a taɓa kaya sai an karya an sha hantsi, kuma duk abin da za a sa a kwali sai ya bi ta hannuna. Ya ce ya yarda. Ina jin ya ɗauka kwana biyu za a gama.

To haka kwanakin suka riƙa tafiya. Da safe in ɗumama tuwon jiya a tukunya har gefensa ya kama, a zuba man shanu, yara su zauna cikin bargo suna ci suna hura hannu. Daga nan mu hau saman gida. Ina hawa a hankali, ina dafa bango, su kuma suna biye da tabarma da butar shayi. Ranar sanyi a Madina ni'ima ce, tana taɓa bayanka kamar hannun mutum. Mu baje, a jefa na'ana a shayi, a ajiye dabino a faranti, ƙananan su yi ta lissafa tantabarun maƙwabta. Ni ina tsintar shinkafa, surukata tana tsefe wa ta tsakiya kai. Ba wanda ke zuwa ko'ina. A rana ta farko ɗana ya yi ta safa da marwa a kan rufin nan da waya a kunne. A ta biyu ya zauna. A ta uku na waiga na gan shi ya miƙe a tabarma, hula a kan fuska, yana barci har da minshari irin na ubansa.

Kaya kuwa ba su ɗauru ba. Duk abin da na ɗauka sai wani ya tambayi labarinsa, ni kuma ba na gajarta labari. Jikata ta liƙe mini a kicin ta ce sai ta koyi miyar da ta kunyata ta. Na nuna mata yadda ake barbaɗa garin da hannun hagu ana kaɗawa da dama don kada ya yi gudaji, da 'yar kanwar da ake sawa. Ta farko ta yi mata ƙulalai, muka ci a haka muna tsokanarta. Tana kaɗawa tana gwada kalmar nan biyu a baki, tana ɗaga murya tana saukewa, har ta kama.

Abin da ban shirya ba shi ne abin da ɗana ya riƙa gani da idonsa. Kowace safiya bayan sallah maƙwabciyata, wata 'yar Chadi da muka yi shekaru bango ɗaya, takan buga bangon sau uku, ni ma in buga mata, kowa ta san 'yar'uwarta ta tashi lafiya. Ranar farko da ɗana ya ji ya zabura ya ce mene ne wannan. Mai kantin bakin lungu, wani dattijo ɗan Sudan, ya aiko da burodi mai zafi ba tare da an tambaye shi ba. Ranar Alhamis mata uku suka biyo mini mu tafi Harami kamar yadda muka saba, na ce yau ina da baƙi, sai suka zauna suka sha shayi suna yi wa ɗana tsiya cewa sun san shi tun yana yawo ba wando. Duk wannan yana nan shekara da shekaru. Bai taɓa zama tsawon da zai gani ba ne.

Rana ta biyar aka wayi gari da yayyafi, ƙanshin jiƙaƙƙen dutse ya cika lungu, ba a hau sama ba. Ɗana ya ce to yau sai ɗakin Baba. Tun rasuwar shara kawai nake shiga yi in fito. Muka shiga ni da shi. Keken ɗinki yana nan a rufe da zane, almakashi a rataye, alli a kan taga. Na ɗauko tsohuwar rigar sanyin Malam daga ƙusa don in ninke, sai na ji ƙanshin turarensa a wuyanta. Na zauna a kan benci na fashe da kuka, na gaske wannan karon, da murya, ban ɓoye ba.

Ɗana ya durƙusa yana cewa, "Kin gani ko, Inna? Abin da nake gudu ke nan. Gidan nan ne ke sa ki haka."

Na bari sai da numfashina ya dawo, sannan na ce masa, "Ba gidan ba ne, mutumin ne. Shekara arba'in da wani abu muna tare, dole in yi kukansa, ko a nan ko a Jurf. A nan idan na yi, na san inda zan zauna, na san wadda za ta ji ta bango ta shigo. A can sai dai in shiga bayi in kunna famfo don kada 'ya'yanka su ji."

Ya karɓi rigar daga hannuna kamar zai sa ta a kwali, sai ya tsaya da ita. Shi ne ya yi ta ɗawainiyar jana'iza da takardu da karɓar gaisuwa, ban ga ɗigon hawaye a idonsa ba duk tsawon lokacin. Ya zauna a kujerar keken, ya kifa fuska a cikin rigar, kafaɗunsa suna rawa. Na bar shi. Muka zauna a haka, ruwa na sauka a kan rumfar ƙofa, har surukata ta leƙo ta koma. Da aka kira azahar ya tashi ya mayar da rigar kan ƙusarta ya fita masallaci.

Ranar ba a sake zancen kaya ba, washegari ma haka. Ni kuma ban tambaya ba, ina tsoron amsar. Ana gobe za su koma, muna saman gida, sai na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Ɗana ne ya zo da wani mai walda, suna auna matakalar da nake hawa. Na leƙa na ce me ake yi. Ya ɗago kai ya ce, "Abin riƙewa zan sa miki, Inna. Ba na son kina dafa bango." Da yamma na ga ya warware kwalaye biyun da aka samu aka cika, ya mayar da kwanuka inda suke, sauran kwalayen ya ba mai kanti. Iyakar maganar da aka yi ke nan a kan tashina, har yau.

Shekaru sun wuce, ina nan a gidana. Har yanzu ina kukan Malam, wani lokaci ma ina cikin dariya yake zuwa, ba na kuma jin kunyar kowa a kansa. Hutun sanyi kuwa ya zama na gidan nan. Wata shekarar sukan je tekunsu kwana biyu, amma sai sun dawo sun ƙarasa a kan rufina.

Abin da na koya shi ne, wanda ke sonka ma yana iya cutar da kai idan a tsaye yake kallonka. Na yi wata da watanni ina gaya wa ɗana da baki cewa ina lafiya a inda nake, bai ji ba, domin magana ba ta shiga kunnen mai sauri. Da Allah ya zaunar da shi mako guda, ba aiki ba tafiya, sai ya gane da kansa. Shi ya sa nake ce wa yaran yanzu, idan aka ba ku hutu kada ku ce dole sai an yi nisa. Ku je wurin tsofaffinku ku zauna har shayi ya huce, ku ga yadda suke wayar gari, kafin ku yanke musu shawara.