Fim Ɗin Cliff

Ranar Talata ce, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, ina tsaye a kicin ina jiran ruwan shayi ya tafasa, sai waya ta yi ƙara. Matata Pauline ce ta ɗauka. Na ji ta ce "Joanne," daga nan ta miƙo mini wayar ba ta dube ni ba.

"Kawu Mal," in ji Joanne, 'yar abokina Cliff. "Baba ya tafi. Yanzun nan, ina riƙe da hannunsa."

Na ce mata na gode da ta kira. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan, sai ka ce ta gaya mini lokacin tashin bas. Butar ta yi ta kuka a kan wuta har sai da Pauline ta zo ta sauke.

Sunansa Clifford Stamp, amma ban taɓa jin wanda ya kira shi da cikakken sunan ba sai likita. Muna shekara goma sha biyar muka haɗu a kasuwar kifi ta bakin tashar jiragen ruwa a nan Grimsby, rana ɗaya aka ɗauke mu aikin cire ƙaya. Gajere ne mai manyan kunnuwa, ga hannu da sauri. Kafin in gama kifi biyu ya gama biyar, ya tsaya yana kallona yana cewa, "Yi a hankali Malcolm, kada ka tashe shi daga barci." Shekara arba'in da ɗaya muka yi muna tsayuwa kafaɗa da kafaɗa cikin ruwan ƙanƙara. Matarsa ta rasu Joanne tana 'yar shekara tara, shi ya rene ta shi kaɗai. Da waɗannan hannayen da wuƙa ta tsattsaga ya koyi kama mata gashi, har malaman makaranta suna tambayar wa ke yi mata.

Duk wanda ya san Cliff ya san fim ɗinsa. Ba shi ya yi ba, wasu 'yan wasan barkwanci ne da muke gani a talabijin suka yi, amma a unguwarmu "fim ɗin Cliff" ake ce masa. Ba labari ɗaya ba ne, gutsi-gutsi ne, wannan ya ƙare wancan ya soma, kowanne da waɗanda ake yi wa shaƙiyanci a ciki: sojoji, manyan ma'aikata, masu kuɗi, malaman makaranta, da mu talakawa. Lokacin da ya fito muna 'yan talatin da wani abu. Cliff ne ya saya mana tikiti wata Asabar da yamma.

Da farko ni ma na yi dariya. Akwai inda mutane suka ja layi tun daga bakin titi, kowa ya zo sai ya bi baya, ba wanda ya san abin da ake jira, kuma kowa yana jin kunyar tambaya. Wannan ya yi mini daɗi. Can tsakiyar fim ɗin sai aka nuno wani mutum cikin kwat da hula, ya zame daga kan gadar shaƙatawa ya faɗa teku. Mutane na zaune a kan benci suna shan shayi. Ya taso sama, ya ɗaga hula ya ce, "Ku gafarce ni, in dai ba zan takura muku ba..." Wata mata ta leƙo ta ce, "Lafiya dai?" Ya ce, "Lafiya ƙalau, kada ki tashi, shayinki zai huce." Ya nutse. Ya sake tasowa don ya ba da haƙurin ruwan da ya fantsama wa wani a takalmi, sannan ya nutse gaba ɗaya. Mutanen suka ce kai, mutumin kirki ne, suka ci gaba da shan shayinsu.

Cliff ya yi dariya har ya zamo daga kan kujera. Ni kuwa na tashi na fita.

Wana Terry a teku ya mutu. Shekara tara kafin nan igiyar ruwa ta share shi daga kan jirgin kamun kifi a can arewa, ba a ga ko hularsa ba. Cliff ya sani, don shi ya raka ni na gaya wa mahaifiyarmu.

Mako biyu ban yi masa magana ba, ga mu a teburi ɗaya. Idan ina son dutsen wasa wuƙa sai in zagaya in ɗauko da kaina. Rana ta goma sha biyar, lokacin hutun shayi, ya ajiye mini kofi a gabana ya zauna.

"Na yi wauta da ban tuna ba," ya ce. "Ka yafe mini wannan. Amma fim ɗin ba zan ba da haƙuri a kansa ba."

"To wa ya tambaye ka?"

"Ba da mai nutsewa suke dariya ba, Mal. Da mu suke. Ka san yadda babana ya mutu? Kwana uku ƙirjinsa na ciwo. Ranar Asabar ya ce likita na hutawa, ranar Lahadi ya ce ai Lahadi ce, ranar Litinin ya ce ba ya son ya tsallake waɗanda suka riga shi layin ganin likita. Mu kuma muna zaune muna cewa to Baba. Ban taɓa jin wanda ya faɗi wannan a fili ba sai waɗannan mahaukatan. Shi ya sa na yi dariya. Da ban yi dariya ba da kuka zan yi a gaban mutane."

Na sha shayin, muka shirya. Amma ban sake kallon fim ɗin ba, kuma musun bai ƙare ba. Shekara talatin da wani abu muna yinsa, a wurin aiki, a mashaya ranar Jumma'a, a kan hanyar kallon ƙwallo. Ni in ce 'ya'yan masu kuɗi ne da suka yi jami'a, ba su taɓa jiƙa hannu ba, suna samun abinci da yi mana dariya. Shi ya ce ai iyayensu suka fi yi wa tsiya, ka ga yadda suka mai da janar ɗin nan? Bai taɓa cewa fim ɗin ba shi da aibi ba. Waƙar ƙarshe ta yi tsawo, ya yarda. Akwai wani ɓangare na ƙazanta da yake wucewa da sauri idan Joanne na ɗakin. "Kashi ɗaya cikin uku shara ne," yakan ce, "amma nuna mini kwandon kifin da ba a zubar da kashi ɗaya cikin uku." Ya saye shi a kaset, kaset ya tsinke ya saye shi a faifai. Saurayin Joanne ma sai da ya zauna ya kalla kafin a yi maganar aure, Cliff yana gefe yana lura da inda yaron zai yi dariya.

Bara da kaka na ga wandonsa ya soma yi masa yawa. Ya ce rage cin dankali ya yi. Wata rana na je ɗaukarsa mu tafi ƙwallo, yana sama yana neman hula, sai na ga takardar asibiti a kan teburi, an ɗora mata kwalbar gishiri. Ban saba karanta takardar mutane ba, amma na karanta. Ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Takardar ta yi wata biyu da zuwa.

Ya sauko ya same ni da ita a hannu.

"Kai, ɗan sa ido," ya ce.

"Joanne ta sani?"

"Ba ta sani ba, kuma ba za ta ji daga bakinka ba. Yarinyar nan tana can nesa a Aberdeen, ga tagwaye, ga sabon aiki da ta sha wuya kafin ta samu. In ta ji, sai ta watsar da komai ta taho. Don me? Ta zo ta kalli tsoho yana tari? Bari a wuce Kirsimeti tukuna."

"Likita ya ce za ka kai Kirsimeti?"

Ya sa hularsa ya ce za mu makara. Kafin mu kai bakin ƙofa sai da ya sa na yi masa alkawari, ni kuma don sakarci na yi.

Mako uku ina ɗauke da wannan abu. Joanne takan kira Pauline su yi hira, in ji tana tambaya, "Ya Baba? Muryarsa kamar ta canja." Sai in fita bayan gida in tsaya wajen tumatir ɗina. Na roƙe shi, na zage shi, na ce zan karya alkawarin. Ya ce in na karya kada in zo jana'izarsa. Kullum yana ƙara ramewa, ni kuma ina ganin ranar da yarinyar nan za ta zo ta tarar da akwati, ta dube ni ta ce Kawu Mal, ka sani.

Wata Laraba da rana na shiga gidansa ban ko cire kwat ba na ce, "Sa mana fim ɗin."

Ya dube ni. "Wane fim?"

"Fim nawa gare ka?"

Ya tashi da ƙyar ya sa, cike da murna. Yana ta yi mini bayani kamar yaro, ka lura da wancan na baya, ka ji abin da zai ce yanzu. Muka wuce masu layi, muka wuce janar. Da aka zo kan mutumin mai kwat, ya miƙa hannu zai wuce da shi saboda ni. Na riƙe hannun. Muka kalla tun daga zamewarsa har hular ta rage ita kaɗai a kan ruwa. Sai na kashe talabijin.

"Ka yi gaskiya," na ce. "Fim ne mai kyau. Shekara talatin ina musu, yau na yarda."

"Wallahi sai na rubuta ranar nan."

"Bari in gama. Waɗanda ke cikin jirgi da Terry sun ce ya yi ihu. Sun ji shi cikin duhu yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ba yadda za su yi su kai gare shi. Ya kira, Cliff, har ƙarfinsa ya ƙare. Kai kuwa 'yarka tana da waya a aljihu, ka ɗaga mata hula kana cewa shayinta zai huce. Ka kalli abin nan ya fi sau ɗari, ashe ba ka taɓa ganinsa ba."

Yana kallon baƙin gilashin talabijin, kunnuwan nan nasa sun yi ja. Na ɗauka korata zai yi.

"Mugu," ya ce a hankali. "Da fim ɗina za ka yaƙe ni." Ya share hanci da bayan hannu. "Miƙo wayar. Kada ka fita, zauna nan."

Ya kira ta. Minti biyar cur yana ba ta labarin ruwan sama, da maƙwabcin da ya sayi sabuwar mota, da yadda ƙungiyarmu ta ƙwallo ta sha kashi. Na zungure shi da ƙafa. Ya ja numfashi ya ce, "Jo, 'yata, ba ni da lafiya. Sosai. Ina so ki zo."

Washegari kafin azahar tana bakin ƙofa da tagwayen. Ta rungume shi, ta yi kuka, sannan ta tsayar da mu biyu a kicin ta wanke mu tas. Ta ce mu tsofaffin banza ne, ta ce kusan wata ukun da muka sace mata ba za ta yafe ba sai ta ga dama. Cliff ya nuna ni ya ce, "Shi ma ya sani fa." Na ce masa maci amana.

Mako bakwai ta samu da shi. Wurin aikinta suka ba ta hutu ba wata gardama, abin da ya yi ta jin tsoro bai ma taso ba. Ta yi masa aski, ta dafa masa abin da mahaifiyarta ke dafawa, ya gaya mata abubuwan da ban tambaye su ba. Tagwayen suka riƙa hawa gadonsa suna ja masa kunne. Bai kai Kirsimeti ba, saura kwana goma sha biyu ya rasu.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne yadda ya canja. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa kofin ruwa ba, sai ga shi da ƙararrawa a gefen gado. A gyara matashi, a buɗe taga, a rufe taga, wannan shayin wa ya haɗa shi, a kira mini wane ina son ganinsa. Mutanen kasuwar kifi da ya yi shekaru bai gani ba sai da ya sa aka nemo su ɗaya ɗaya.

Ranar Litinin da la'asar, ana gobe zai rasu, na je. Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai na sunkuya nake ji. Ya sa na karanta masa shafin ƙwallo, ya sa na juya shi ya fuskanci taga, ya ce ƙafarsa na sanyi, na murza masa har ta yi ɗumi. Joanne ta leƙo ta ce ya isa haka, a bar shi ya huta. Na ɗauki kwat ɗina.

"Mal."

"Me kuma?"

"Ashe abin da daɗi, wahalar da mutane. Da na sani da tuntuni na soma."

"Ai ka rama na shekara sittin cikin mako bakwai. Bayana har ciwo yake."

Ya yi 'yar dariya, ta zame masa tari. Da ya lafa sai ya kama hannun rigata.

"Gobe ka dawo."

"Ƙarfe nawa?"

"Da wuri. Ina da aike da yawa."

"To, ranka ya daɗe," na ce.