Laka a Tashar Farko

Higinio Valdespina bai taɓa iya besbol ba. Ya gwada yana saurayi, kamar kowane ɗa namiji a unguwar ma'aikatan kamfanin sukari na Santa Brígida, amma in aka jefo ƙwallo sai ta wuce kafin ya ɗaga sanda. Da ya ga haka sai ya haƙura da sanda ya riƙe manjagara. Kamfani ya ɗauke shi mai kula da filin wasa a shekarar 1958, ya ba shi baro da tiyo da buhun farar ƙasa na zana layi, da ɗaki a bayan rumfar 'yan kallo. A ɗakin ya ajiye matarsa Casilda, a nan suka haifi 'ya'ya mata uku, a nan kuma furfura ta same shi har yara suka koma ce masa Don Higinio.

A yankin San Pedro kowa ya san 'yan wasa tara ne a fili, mai kula da filin shi ne na goma. Wanda ya bugi ƙwallo yakan bi tashoshi uku da gudu ɗaya bayan ɗaya, in ya dawo gida, wato inda ya tashi, an samu ci. In masu tsaron ƙungiyar gida sun fara tsufa, sai ya bar ciyawa ta yi tsawo don ƙwallo ta rage gudu. In baƙi sun zo da ɗan tsere, irin wanda in ya samu tashar farko yake sulalewa zuwa ta biyu kafin mai jifa ya ankara, sai a cika wa wurin ruwa ƙasa ta yi nauyi. Kowa na yi, kowa kuma na zagi in an yi masa. Amma abin yana da iyaka, ko da ba wanda ya taɓa faɗinta da baki: ruwan a bayyane yake. Mai gudu ya ga ƙasa ta yi baƙi, ya tofar da yawu, ya zagi mai tiyo, ya taka a hankali. An rage masa gudu, ba a taɓa lafiyarsa ba.

Sau ɗaya Higinio ya tsallake wannan iyaka, a wasan ƙarshe na 1974.

Ƙungiyar kamfanin La Ceiba ce za ta zo, kuma suna da wani saurayi, Wenceslao Pimentel, wanda ake kira Zabo saboda gudunsa. An ce wani Ba'amurke mai neman 'yan wasa zai zo musamman don ya gan shi. Ana gobe wasa koci Melquíades ya iske Higinio yana zana layi. Shi ne uban baftismar babbar 'yar Higinio, don haka suke kiran juna kompadre, ba sa kuma ɓoye wa juna magana.

"Kompadre, ina son gobe tashar farko ta zama fadamar shinkafa."

"Alƙalin gobe ba ya wasa, kai ma ka sani. In ya ga laka tsayar da wasa zai yi, ya sa a zuba busasshiyar ƙasa."

"To kada ya gani mana. In zabon nan ya hau tashar farko, ka ɗauka ya riga ya dawo gida da ci. Ni kuma manaja ya ce in La Ceiba ta sake cin mu, in koma awon rake."

"Awon rake ma aiki ne. Ko tumbin nan ya ragu."

"Ka ji ɗan banza. Ni dai na faɗa maka."

Melquíades bai ce ga yadda za a yi ba. Dabarar ta Higinio ce shi kaɗai, kuma wannan ne abin da ya kasa mantawa. Da sassafe ya haƙe wurin da mai gudu ke kafa ƙafa in zai zabura, ya cika ramin da yashi da tuƙar rake, ya ba shi ruwa har ya ƙoshi, sannan ya tankaɗe busasshiyar ƙasa ya rufe saman. Da ya ja da baya ya duba, shi kansa bai ga bambanci ba. Ya ji daɗin aikin hannunsa ƙwarai. Har fito ya riƙa yi yana wanke shebur.

Zabo ya samu tashar farko tun a zagayen farko. Ya ɗan matsa daga tashar, ya duƙa, yana kaɗa yatsu yana yi wa mai jifa murmushi. Da ya zabura, ƙafar dama ta nutse ta tsaya, jikin ya juya ya bar ta. Ya faɗi rub da ciki. 'Yan kallo suka kwashe da dariya, Higinio ma ya yi tare da su, kafin a lura yaron bai tashi ba, yana dai dukan ƙasa da tafin hannu. A kan ƙyauren ƙofa aka fitar da shi. Masu ɗaukarsa suka tattake wurin, ba wanda ya kula da abin da ke ƙasa. Ba'amurken ya gyara malafarsa ya tafi tun ba a kai rabin wasa ba.

Santa Brígida ta ci uku da biyu. Aka dafa romon nama da rogo a manyan tukwane, aka buɗe kwalabe, aka kaɗa ganga. Higinio ya zame daga cikin taron tun da sauran rana, ya kwashe ramin, ya mayar da ƙasa mai kyau ya daddale. Mutanen La Ceiba suka ce ƙaddara ce.

Casilda ce kaɗai ta tambaya, washegari. Tana ajiye masa dakakkiyar ayaba da albasa ta ce, "Tuƙar raken da ka ɗiba a baro jiya, akuyar wa ta ci?"

Ya jawo kwanon ya hau ci. Ba ta sake tambaya ba, amma ta ɗauke kwanon ba tare da ta ce ya ƙara loma ba.

Gwiwar Zabo ba ta koma daidai ba. Ya sayi amalanke yana sayar da ƙanƙara mai zaƙi a bakin filayen wasa, yana jan ƙafa daga wannan gari zuwa wancan. In ya zo Santa Brígida, Higinio yakan bi ta ƙofar baya. Haka aka yi shekaru. Da ciwon baya ya kama shi, kamfani ya yarda ya ɗauki mataimaki wanda zai gaje shi, sai ya tsallake duk 'ya'yan unguwa ya hau mota zuwa La Ceiba ya nemo Zabo. Mutane suka ce Don Higinio mutumin kirki ne. Duk wanda ya faɗa masa haka sai ya ji kamar an ɗora masa buhun sukari a wuya.

Zabo ya riƙe aikin da hannu biyu. Ya yi aure a lokacin, yana da ɗa a goye, kuma wannan ne albashinsa na farko mai tabbas. Yana kiran Higinio Baba. Da rana sukan zauna a inuwar rumfa su ci shinkafa da wake a kwano ɗaya.

"Baba, ka san abin da ya kashe ni a filin nan? Takalmin aro. Fulgencio ɗan kawuna ne ya matsa mini, wai kada Bature ya gan ni da tsoho. Ƙusoshin sun yi tsawo, suka kama ƙasa. Tun ranar ban ƙara taka gidansa ba. Ko bikinsa ban je ba."

Higinio ya tauna abin da ke bakinsa ya daɗe bai haɗiye ba. Ya ce, "Ci abinci, rana na yi."

Ya koya masa komai: yadda ake ɗaga tudun mai jifa, yadda ake sanin ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ranar da ake barin ciyawa. Abu ɗaya ne bai koya masa ba, yana fatan ya yi ritaya da shi a ciki.

A shekarar ritayar, Santa Brígida ta sake kai wa wasan ƙarshe, baƙin kuma suna da nasu ɗan tseren. Melquíades, wanda tumbinsa ya ƙaru, tunaninsa kuma bai wuce wasan gobe ba, ya same su su biyu a fili. Ko ya manta ƙafar wa aka karya, ko bai ɗauki abin a bakin komai ba, Higinio bai taɓa sani ba.

"Kai Zabo, ka sa tsohon nan ya koya maka fadamarsa wadda ba a gani, kafin ya tafi da ita kabari. Gobe nake so. In ba ka iya ba, ɗan ƙanwata yana zaune ba aiki, kuma manaja na jin maganata."

"Wace fadama kuma, Baba?" in ji Zabo bayan koci ya wuce. "Kana da wata a aljihu ka hana ni? Haba, tsoho mai rowa."

Higinio ya auna abin ta kowace fuska. In ya ƙi, Zabo ya rasa aiki. In ya ce zai yi shi kaɗai, Zabo ne mai share wurin, zai gani. In ya koya masa kuwa, ƙafar nan ta Zabo ba ta manta ba. Ya ce, "Ka zo da wuri gobe. Ka taho da baro."

Da safe ya yi komai a gabansa, a tsanake, kamar yadda yake koya masa kowane aiki. Ya haƙa, ya zuba yashi da tuƙa, ya ba da ruwa, ya tankaɗe ƙasa ya rufe. Zabo na ta dariya yana cewa wannan ai sai shaiɗan. Da aka gama, Higinio ya ce, "Taka ka ji."

Zabo ya ɗora ƙafar dama ya danna. Saman ya fashe, ƙafar ta shige har idon sawu. Bai zare ta ba. Ya tsaya a haka yana kallon tasha ta biyu, dariyar ta bushe a fuskarsa.

"Ka taɓa yin wannan?"

"Sau ɗaya."

"Wace shekara?"

"Ka sani."

Zabo ya zare ƙafar a hankali, ya goge takalmin a ciyawa. Higinio ya tsaya da hularsa a hannu, yana jiran zagi ko mari ko shebur a ka. Da an yi masa ɗaya daga ciki da ya samu sauƙi.

"Shi ya sa ka je har La Ceiba ka ɗauko ni."

"Shi ya sa."

"Ni kuwa na ɗauka ka ga wani abu a jikina." Ya ɗauki shebur. "Koma gida, Don Higinio. Zan ƙarasa."

Ya kwashe ramin tas, ya cika shi da ƙasa mai ƙarfi, ya daddale, ya yayyafa ruwa daidai yadda ake yi wa kowane wasa. Ɗan tseren baƙi ya sulale zuwa tasha ta biyu har sau biyu a ranar, na biyun ne ya zama cin da ya raba gardama. Santa Brígida ta faɗi. Kafin mako ya zagayo an ba ɗan ƙanwar Melquíades aikin Zabo. Higinio ya je wurin manaja ya roƙa wa Zabo, ya koma, ya sake komawa, aka ce masa ya je ya huta, ai ya yi wa kamfani ƙoƙari.

Ya iske Zabo a tashar mota da matarsa da ɗansa da katifa a naɗe.

"Wenceslao, ka zage ni ko sau ɗaya ne."

"Ba ni da lokaci, Don Higinio, mota ta kusa cika. Ina so in riski Fulgencio kafin ya fita aiki. Mutumin nan ya ara mini takalminsa sabo fil, shi bai ko saka ba, na saka masa da gaba."

Yaron mota ya karɓi katifar ya jefa sama. Zabo ya riƙe ƙarfen ƙofa, ya fara ɗora ƙafar hagu, sannan ya jawo ta dama da hannu. Higinio ya miƙa hannu zai tallafa masa, ya tsaya a rabi, don ba a nema ba.

Ya ƙara shekara tara a duniya, a gidan 'yarsa ta tsakiya, nesa kaɗan da filin. In ana wasa yakan ji ihun 'yan kallo daga tsakar gida, jikokinsa su shigo da gudu su gaya masa wa ya ci. Yakan ce madalla, sannan ya tambaye su ko an fitar da wani a kan ƙyaure.